Akwatin Ajiya a Banki Bayan Rasuwar Mai Shi: Wa Ke Da Ikon Buɗewa?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu tattauna ne a kan akwatin ajiya da mutum ke kamawa haya a banki, da yadda iyalansa za su kai ga abin da ke ciki idan ta Allah ta kasance a kansa. Magana ce da ta haɗa banki da kotu da gado, don haka ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku har ƙarshe.

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin irin wannan akwati ba, saboda haka bari mu fara da shi. A wasu manyan rassan bankuna akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe, can ciki inda ba kowa ke shiga ba. An jera ƙananan durowoyi na ƙarfe a bangonsa, kowace da lambarta. Mutum yakan kama ɗaya, yana biyan kuɗin haya shekara-shekara. Makulli biyu ke buɗe ta: ɗaya a hannun banki, ɗaya a hannun mai haya, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Idan mai haya ya zo, sai a duba shaidarsa, ya sa hannu a littafi, ma'aikaci ya murɗa nasa makullin, shi ma ya murɗa nasa, sannan a ba shi wuri. Banki bai san me ya saka ba, bai san me ya ɗauka ba. Akwai kuma wata hanyar ta biyu, inda mutum zai kawo ambulan ko ƙaramin akwati a liƙe, banki ya karɓa ya ba shi rasit. Abin da za mu faɗa yau ya shafi duka biyun.

Me ake ajiyewa a ciki? Yawanci abin da ake tsoron gobara ko ɓarawo ya raba mutum da shi: takardar mallakar fili ko gida, gwal, takardun hannun jari, yarjejeniyar ciniki, takardun bashi, wani lokaci har da wasiyya.

To, a ce magidanci ya rasu. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, 'yan ta'aziyya sun fara janyewa. Ana gyara ɗakinsa sai aka tsinci wani siririn makulli mai lamba a jiki, haɗe da rasit na banki. Babban ɗa ya ɗauka ya nufi reshen. Manaja ya tarbe shi da mutunci, ya ce masa, "Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma ka yi haƙuri, ba zan iya buɗe maka ba sai da takardar kotu." A nan ne ran mutane ke ɓaci, kuma hujjojin da suke kawowa kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Wani ya ce, ai ga makulli a hannuna. Makulli yana buɗe ƙofa ne kawai, ba ya ba da izini. Yarjejeniyar hayar tsakanin banki ne da marigayi, ba tsakanin banki da duk wanda ya tsinci makulli ba.

Wani ya ce, ai sunana Baba ya rubuta a gurbin makusanci lokacin da yake cike fom. Wannan kuskuren fahimta ya yaɗu ƙwarai, har cikin 'yan boko. Wanda aka rubuta a wannan gurbi mutum ne da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru. Rubuta sunansa bai mai da shi magaji ba, bai ƙara masa ko kwabo a kan rabonsa ba, bai kuma ba shi ikon taɓa dukiyar mamaci ba.

Wani kuma ya ce, ai ni nake zuwar wa Baba banki tun da ƙafarsa ta yi nauyi, har da takardar wakilci ya yi mini. Gaskiya ne, amma wakilci yana faɗuwa ne da mutuwar wanda ya wakilta. Haka abin yake a fiƙihu, haka yake a dokar ƙasa. Kana aiki ne da yawun mutum mai rai. Da ya cika, babu sauran yawun da kake ɗauke da shi.

Ni a wannan gaɓar ina bayan banki, kuma zan faɗi dalili. Daga lokacin da rai ya fita, dukiyar nan ta tashi daga ta mutum ɗaya ta koma haƙƙin mutane da yawa: masu bin bashi, waɗanda aka yi wa wasiyya, matan aure, 'ya'ya maza da mata, iyaye idan suna raye. A cikinsu akwai matar da ke zaman takaba na wata 4 da kwana 10, wadda ba za ta iya zaryar banki ba. Akwai 'yar da ke aure a wani gari. Akwai yaron goye da bai san ma an yi mutuwa ba. Kuɗin da ke asusu yana da tarihi a rubuce, ko an cire za a gani. Abin da ke cikin akwati kuwa ba shi da wani lissafi a ko'ina. Idan mutum ɗaya ya shiga shi kaɗai ya fito, babu wanda zai iya cewa sarƙa 3 ce ko 5, takardar gida 1 ce ko 2. Ko da mutumin nan waliyyi ne, zargi zai bi shi har kabarinsa. Saboda haka ƙin da manaja ya yi kariya ce ga raunana, kariya ce kuma ga shi kansa babban ɗan.

Akwai dabarar da wasu ke yi, kuma ina so in ja kunne a kanta da babbar murya. Wanda sunansa ke cikin masu izinin buɗewa sai ya yi sauri ya je kafin labarin rasuwa ya isa banki, ya kwashe abin da ke ciki, ya ce wai yana adana wa iyali ne. Jama'a, littafin da ake sa hannu a ciki yana ɗauke da kwanan wata, takardar shaidar mutuwa ita ma tana ɗauke da nata. Ranar da aka jera su a gaban alƙali, babu bakin magana. Kuma kafin alƙalin duniya, kowa ya san gargaɗin da ya zo a aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i game da cin dukiyar marayu. Idan kuwa akwatin na haɗin gwiwa ne, wato mutum biyu suka kama shi tare, to yarjejeniyar da suka sa wa hannu ce za ta nuna ko wanda ya rage zai iya ci gaba da buɗewa. Ko da ta ba shi dama, damar buɗewa ce, ba mallakar kayan mamaci ba.

To mece ce hanyar da ta dace?

A fara da takardar shaidar mutuwa. Idan a asibiti aka rasu, likita zai ba da tasa, sannan a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi rajistar mutuwar a karɓi takardarsu. Mu da muke binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, sau da yawa wannan takarda ba ta zuwa ran kowa sai buƙata ta taso. Gara a nema da wuri, tun shaidu suna kusa.

Daga nan a rubuta wa banki wasiƙa ana sanar da shi rasuwar, a haɗa da kwafin takardar, a kuma tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida. A wannan zuwan ne ya kamata a yi tambayoyi: da sunan wa aka kama akwatin, akwai wani da aka ba izini, ana bin marigayi kuɗin haya, kuma wace takardar kotu ce wannan bankin yake karɓa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana rage wahala sosai.

Dalili kuwa shi ne hanyoyin kotu biyu ne. Gadon Musulmi yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci, kuma kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 277, ya ambaci gado da wasiyya da kyauta da waƙafi cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke dubawa. Don haka a jihohinmu magada sukan je kotun shari'a, alƙali ya tantance su waye magada, ya rubuta wa banki. Hanya ta biyu ita ce sashen kula da dukiyar mamata da ke Babbar Kotun Jiha, wanda ake kira furobet. Idan mamaci ya bar rubutacciyar wasiyya ya naɗa wasiyyi, kotun za ta tabbatar da ita ta ba wasiyyin takarda. Idan bai bari ba, sai a nemi takardar izinin kula da dukiya, wadda za ku ji ma'aikatan banki na kira leta of administireshan. 'Yan'uwanmu Kirista galibi ta nan suke bi. Wasu bankunan kuma, ko da mamacin Musulmi ne, ita suke nema. Shi ya sa na ce a tambaya tun farko, kada a shafe watanni ana neman takardar da za a ce ba ita ba ce.

Takardar furobet ba a samun ta rana ɗaya. Za a cike fom, a lissafa dukiya, a kawo masu tsayawa, a buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito, a biya kuɗin da kowace jiha ta ƙayyade gwargwadon ƙimar dukiyar. Galibi mutum biyu ko fiye ake naɗawa, musamman idan akwai ƙananan yara. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne rashin jituwa a cikin gida. Idan 'yan wannan ɗaki ba su yarda da na wancan ba, kowa ya kai ƙorafi, sai magana ta tsaya cak, haya kuma tana ta hawa. Shawarata ita ce a zauna tun kafin a je kotu, a gaban baffa ko kawu ko wani malami da kowa ya amince da shi, a zaɓi wakilai ta yadda kowane ɗaki zai ga nasa a ciki. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko ofishin kula da dukiyar mamata da ke ma'aikatar shari'a ta jiha. Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar, ku ma tushen ɗaya ne: takardar shaidar magada daga kotu, da takardar zaman iyali wadda ke nuna wanda aka wakilta.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo ranar buɗewa, domin ita ce ranar da ake ɗinke zumunci ko a yaga shi.

Kada a je da mutum ɗaya. Waɗanda kotu ta naɗa su je da shaidarsu, ga ma'aikacin banki, ga wakilin kotu ko lauya idan an buƙata, sannan a nemi banki ya bari wakilin kowane ɗaki ya shaida. Idan makullin marigayi ya ɓata, banki ba shi da wani a ajiye. Sai an kira mai fasawa ya huda makullin a gaban kowa, kuma kuɗin aikin daga dukiyar mamaci zai fita.

Da an buɗe, kada hannun kowa ya riga biro. A fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana rubutawa: takardar fili mai lamba kaza, da sunan wane, a unguwa kaza, awarwaro guda kaza, ambulan a liƙe, an rubuta kaza a bayansa. A ɗauki hoton kowane abu da waya. Gwal kuwa a kai shi wurin masu sayar da gwal a auna a gaban shaidu, a rubuta nauyinsa da ingancinsa, domin sarƙa biyu na iya yin kama a ido alhali kuɗinsu ya yi nisa da juna. Kowa ya sa hannu a takardar, kowane ɗaki ya tafi da kwafi, a kai wa kotu nata. Na san wani zai ce wannan ai rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. A'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin.

Sai babbar magana, wadda mutane suka fi tuntuɓe a kanta: ba duk abin da aka tarar a akwatin mamaci ne gado ba. Dattijon da aka sani da riƙon amana, mutane sukan kawo masa ajiya. Ƙila takardar gonar ƙaninsa ce da ke aiki a kudu. Ƙila gwal ɗin matarsa ne na sadaki ko na lefe, ko wanda ta saya da kuɗin sana'arta ta ce, "Alhaji, ajiye mini a wurinka." Ƙila na marayun wansa ne da yake riƙo. Ƙila kuma jingina ce wani ya ba shi ya karɓi bashi. Duk waɗannan na masu su ne, ba sa shiga rabo. Ina jin takaici idan na ji an tattara gwal ɗin mace an zuba cikin gado don kawai a akwatin mijinta aka same shi, ita kuma kunya da takaba sun hana ta magana. 'Ya'ya, ku tambayi iyayenku mata kafin a fara lissafi: "Hajiya, akwai naki a ciki?" Idan an yi saɓani, alƙali ne zai nemi hujja ko rantsuwa, ba mai ƙarfin murya a gida ba.

Bayan an ware na mutane, malamanmu na Malikiyya sun jera yadda ake bi: haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya takamaimai, kamar abin da mamacin ya jinginar, sai kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi 1 cikin 3, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran, sannan a raba abin da ya rage. Idan a cikin matan akwai mai juna biyu, a mazhabarmu ana dakatar da rabon har ta haihu. A irin wannan hali babu laifi a mayar da kayan ajiyar banki da sunan waɗanda kotu ta naɗa, maimakon a kai su ɗakin wani. Takardar fili kuma ba ta komawa sunan magaji don ta shiga hannunsa. Sai an je hukumar filaye ta jiha da takardar rabon gado an sauya suna.

Akwai wani ƙulli da mai akwati kan ɗaura wa iyalansa ba da niyya ba. Ya rubuta wasiyya, ya ga babu inda ya fi banki tsaro, ya kulle ta a can. Ya rasu. Kotu na son ganin wasiyya kafin ta ba da takarda, banki na son takarda kafin ya buɗe. Ana warware wannan ta hanyar roƙon kotu ta ba da izinin buɗewa don neman wasiyyar kaɗai, a gaban shaidu, a ɗauke ta a mayar da sauran. Amma lokaci ya riga ya tafi. Idan kuwa a ciki ya rubuta inda yake so a binne shi, ko wanda zai yi masa salla, to kafin a karanta an daɗe da share makoki. Wasiyya wurinta sashen furobet na Babbar Kotu, ko hannun lauya, ko amintaccen malami tare da shaidu.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne akwatin da babu wanda ya san da shi. Muna da ɗabi'ar ɓoye samu, kuma tana da dalilinta, amma takan wuce gona da iri har mutum ya tafi da sirrin dukiyarsa, iyalansa na haya alhali takardar gidansa na kwance a banki. Idan kuna zaton marigayi yana da ajiya, ku duba takardun bayanan asusunsa ko saƙonnin banki a wayarsa, ku nemi wani ɗan kuɗi da ake cirewa sau ɗaya a shekara. Ku duba tsofaffin rasitai, ku tambayi amininsa da yaron shagonsa. Kada ku karaya don sunan bankin da ke jikin rasit ya ɓace. A garambawul ɗin da aka kammala a ƙarshen 2005, bankunan Nijeriya sun ragu daga 89 zuwa 25. Bank of the North, wanda iyayenmu da yawa suka yi hulɗa da shi, yana cikin waɗanda suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006. Diamond Bank ya shige cikin Access Bank a 2019. Bankin da ya gaji wani ya gaji ajiyarsa. Idan kuwa rufe bankin aka yi, kamar yadda Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, to hukumar inshorar ajiya ta NDIC ce ke karɓar ragamarsa, ita za a tuntuɓa.

Tun da na ambaci NDIC, ku sani inshorarta ta kuɗin da ke cikin asusu ce, ba ta rufe abin da ke cikin akwati ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba na ba da shawarar a cusa tsabar kuɗi a ciki. Ba ya ƙaruwa, hauhawar farashi na cin sa, kuma canjin kuɗi na iya riskar sa yana kulle. Wanda ya ɓoye takardun naira kafin canjin watan Afrilun 1984 bai fito da su a kan lokaci ba, takarda kawai ya bar wa magada.

Saura ku da kuke da irin wannan ajiya yanzu, kuna jin muryata da ranku da lafiyarku. Ba na ce ku tara iyali ku faɗa musu nawa kuka mallaka ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mutum biyu amintattu su san sunan banki, da reshe, da inda makulli yake. A rubuta jerin abin da ke ciki, a ajiye kwafi a waje tare da wasiyya. Duk abin da ba naka ba, ka sa shi a ambulan dabam, ka rubuta sunan mai shi da ranar da ya ba ka, ka sa hannu, shi ma ka ba shi wata 'yar takarda ya riƙe. Idan kyauta ka yi niyyar yi wa wata 'yarka ko matarka, ka miƙa mata tun kana raye a gaban shaidu, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya rasu, komawa gado take yi, ko da an tarar da sunanta a jikin ambulan. Sannan ka riƙa biyan haya a kan kari, ka kuma sabunta lambar waya da adireshin da banki ke da su, don idan an daɗe ba a biya ba yarjejeniyar takan ba banki damar fasa akwatin bayan ya aika sanarwa.

Idan kuma kun cika duk sharuɗɗa, takardar kotu na hannunku, amma aka ci gaba da yi muku jeka-ka-dawo, ku rubuta ƙorafi ga bankin ku riƙe kwafi. In ba a share muku hawaye ba, ku kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya.

Lokacin da aka ɗiba mana ya ƙare. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda magada ke karɓar kuɗin fansho da haƙƙoƙin ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki. Allah ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)